Yadda za ka auna rediyonka na ham kafin ka fara magana a iska

Abin da na lura shi ne yawancin sabbin shiga harkar rediyon ham, wato rediyon masu sha'awa da ke hira da juna ba don kasuwanci ba, da zarar lasisi ya fito sun samu alamar kira, sai hankali ya koma kan abu biyu kawai, wat nawa rediyon ke fitarwa da kuma ina muryata ta kai. Ba laifi ba ne, kowa na son a ji shi daga nesa. Amma akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba, kuma ita ce doka ta fi damuwa da ita: ban da inda ka saita rediyon, ina da ina kuma siginarka ke fita ba ka sani ba? Domin wallahi kana iya zama kan 145 MHz kana hirarka lafiya lau, abokin hirarka na ce maka murya ta fito tas, alhali a lokacin rediyon naka na zubar da ƙazanta a 290 da 435 MHz, kai ba ka ji, shi ma bai ji, sai dai wanda abin ya faɗa wa a kan zangonsa. Kunne ba ya gano wannan, mitar SWR mai nuna dacewar eriya da rediyo ma ba ta ganowa, sai an auna da kayan da aka yi domin haka.

Me ake nufi da ƙazantar sigina

Duk wata na'urar watsawa tana haifar da hamonik, wato ninkin firikwansin da kake kai, sau biyu, sau uku, sau huɗu har gaba. Wannan ba lalacewa ba ce, haka transisto yake in ana ƙara ƙarfin sigina da shi, shi ya sa masu ƙera rediyo ke sa filta a bakin fita don ta danne su. Matsalar tana zuwa ne in filtar ba ta isa ba, ko an yi ƙwauron kaya wajen haɗa ta, ko kuma wani ya buɗe rediyon ya taɓa abin da bai kamata ba. Ka ɗauki lissafi ka gani da idonka. In kana 7.1 MHz hamonik na biyu yana 14.2, na uku yana 21.3, duk cikin zangunan 'yan ham ne, 'yan'uwanka za ka dama. In kana zangon mita 6 wajen 50 MHz, na biyu ya faɗa 100 MHz, tsakiyar tashoshin FM kenan da ke tsakanin 87.5 da 108. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne saman zangon mita 10, ka ce 29.6 MHz, ninka sau huɗu ka samu 118.4, kuma daga 118 zuwa 137 MHz nan ne matuƙa jiragen sama ke magana da hasumiya. Wannan ba wajen wasa ba ne ko kaɗan, rayukan mutane ne a sama.

Ban da hamonik akwai wasu siginonin bogi da ke fitowa daga cikin miksa ko sintesaiza na rediyon, su ba ninki ba ne, suna iya ɓullowa sama ko ƙasa ko dab da siginarka. Sai kuma nau'i na uku, fantsama, wato siginar ta yi faɗi ta malala kan maƙwabta hagu da dama, wannan yawanci laifin mai riƙe da makirfo ne ba na kamfani ba, zan zo kansa.

Abin da doka ta ce

Tushen dokar yana wajen ITU, hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba wadda aka kafa tun 1865. A cikin dokokinta na rediyo sashe na 25 shi ne na 'yan ham, shi kuma rataye na 3 shi ya yanka iyakar siginonin bogi. Ga 'yan ham da ke ƙasa da 30 MHz, dole ƙazantar ta yi ƙasa da babbar sigina da 43 + 10 log na ƙarfinka a wat, ko kuma 50 dB (dB ma'aunin tazarar ƙarfi ne, zan zo kan lissafinsa), duk wanda ya fi sauƙi a cikin biyun. Sama da 30 MHz lissafin ɗaya ne, 43 + 10 log na ƙarfi, sai dai rufin ya koma 70 dB. Kar wannan log ɗin ya tsorata ka, in ka warware shi duk abu ɗaya yake nufi, kada ƙazantar ta wuce -13 dBm, wato maikurowat 50. Mai wat 100 a HF kuwa, wato zangunan 3 zuwa 30 MHz, 50 dB ɗin ne ya fi masa sauƙi, ma'ana hamonik ɗinsa kada ya wuce miliwat 1.

Kowace ƙasa kuma tana ɗaukar wannan ta zuba a nata dokokin, wata ta tsaurara wata ta sassauta. Na Amurka su aka fi ambata saboda yawancin rahotannin gwaji da su ake aunawa, suna cikin dokar FCC, hukumar sadarwar Amurka, sashe na 97.307. Can sun ce na'urar da aka girka bayan 1 ga Janairun 2003 in tana ƙasa da 30 MHz sai ƙazantarta ta yi ƙasa da aƙalla 43 dB. Daga 30 zuwa 225 MHz kuwa 60 dB ne, amma in na'urar wat 25 ce ko ƙasa da haka to ƙazantar kada ta wuce maikurowat 25 kuma ta yi ƙasa da aƙalla 40 dB, sannan ba a tilasta maka ka kai ta ƙasa da maikurowat 10 ba. A Turai kayan ham da ake sayarwa a kasuwa ana auna su da ma'aunin ETSI EN 301 783. Kai dai ka nemi takardar sharuɗɗan lasisinka daga hukumar sadarwar ƙasarka ka karanta, ita ce za a kama ka da ita. Kuma abin da nake so ya zauna maka shi ne, a harkar ham alhakin siginar yana kan mai lasisi. Shi ya sa aka yarda mana mu ƙera na'ura da hannunmu, mu gyara, mu canza, abin da ba a yarda wa mai oba-oban kasuwanci ba, saboda an ɗauka mun ci jarrabawa mun san abin da muke fitarwa. Cewa ai haka na saye shi a kwali ba hujja ba ce.

A nan dole in taɓo ƙananan oba-oba masu arha da suka cika duniya tun wajen 2012. Ƙungiyar ARRL ta 'yan ham na Amurka ta yi shekaru tana auna na hannun mutane a taron Hamvention na Dayton a jihar Ohayo, ta buga sakamakon a mujallarta QST, kuma abin da ya fito shi ne da yawa daga cikin masu arhar ba su cika ƙa'ida ba yayin da na manyan kamfanoni kusan duk suka wuce. Ban ce ka jefar da naka ba, akwai masu tsabta a cikinsu, har samfuri ɗaya ma sai ka ga wannan ya wuce ɗan'uwansa ya faɗi. Dalilin da ya sa dole ka auna naka kenan, rahoton na wani ba zai gaya maka halin wanda ke hannunka ba.

Kayan aikin

Na farko kafin komai eriyar bogi, wato domi lod mai om 50. Rizisto ne kawai da ke shanye ƙarfin ya mai da shi zafi maimakon ya fita iska, duk gwajin da za ka yi a kanta za ka yi. Ka duba wat nawa take ɗauka da kuma na tsawon wane lokaci, don da yawa in an rubuta wat 100 na 'yan daƙiƙu ake nufi, ka kuma duba har wane firikwansi take aiki, wadda ta yi kyau a HF tana iya zama shirme a 435 MHz. In kana son haɗa taka ta ƙaramin ƙarfi, rizisto 20 masu om 1000 ka jera su kafaɗa da kafaɗa su ba ka om 50, ƙafafunsu gajeru sosai, kuma kar ka kuskura ka sa irin na naɗaɗɗiyar waya, waɗannan koyil ne a wajen RF, wato siginar rediyo.

Sai mitar wat da SWR. Tana da amfani ƙwarai amma ka san iyakarta, ita tana tara duk abin da ya wuce ta cikinta ne ta ba ka jimla, ba ta bambance babbar sigina da hamonik. SWR na 1.5 yana nufin kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin ya dawo, na 2 kashi 11, na 3 kashi 25, wannan labarin eriya ne da waya, bai ce komai ba kan tsabtar sigina. Mutane da yawa suna ganin 1.1 sai su ce tashata ƙalau take, a'a, eriyarka ce ƙalau.

NanoVNA kuma ta sauƙaƙa rayuwa sosai, da ita za ka ga inda eriya ta faɗa, ka auna asarar wayar kowaks mai haɗa rediyo da eriya, ka auna filta da atenuweta. Duk lokacin da ka canza iyakar firikwansin da kake dubawa ka sake kalibireshan da 'yan kawunan nan uku, buɗaɗɗe, rufaffe, da mai om 50, kuma ka yi shi a ƙarshen wayar da za ka yi awon da ita. Kada ka taɓa danna PTT, wato maɓallin magana, rediyo na haɗe da ita, nan take za ta ƙone.

Uwa uba shi ne analaiza na sifektiram, shi ne idon da ke nuna maka kowace sigina a inda take da tsayinta. Da can sai manyan ɗakunan gwaji ke da shi, yanzu ga tinySA da ke shiga aljihu. Ka dai sani cewa na asalin ƙofarsa ta ƙasa daga 100 kHz zuwa 350 MHz take, ta sama kuma 240 zuwa 960 MHz amma ba ta kai ta ƙasan inganci ba, saboda haka in VHF da UHF, irin su 145 da 435 MHz, ne harkarka tinySA Ultra ya fi dacewa. Shi kuma analaiza ba ya tafiya sai da atenuweta, na'urar rage ƙarfi, kuma a ganina in kuɗinka bai kai ka sayi duka biyun tare ba to ka haƙura sai sun kai, don analaiza ba atenuweta asara ce ke jiran rana.

Lissafin dB da ba makawa sai ka iya

Ba shi da wuya. 0 dBm miliwat 1 ne, wat 1 shi ne 30 dBm, wat 5 shi ne 37, wat 10 shi ne 40, wat 100 shi ne 50. Kowane 10 dB ninki goma ne, kowane 3 dB ninki biyu. Kenan 40 dB sau 10,000 ne, 60 dB sau miliyan. Daɗin abin shi ne ragewa kawai kake yi, 37 dBm ta bi ta atenuweta mai 40 dB ta fito -3 dBm. tinySA na asali abin da zai iya jurewa bai wuce +10 dBm ba, miliwat 10 kacal, kuma in kana son awo na gaskiya ka riƙe abin da ke shiga ƙasa da -25 dBm. Ka ga oba-oba mai wat 5 ta ninka iyakar ƙonewar sau 500.

Yadda ake awon kansa

Mu ɗauki oba-oba mai wat 5 a 145 MHz. Cire eriyar, ka haɗa gajeriyar waya mai kyau daga bakin SMA, inda ka cire eriyar, zuwa atenuweta mai 40 dB wadda ke ɗaukar aƙalla wat 10, bayanta ka ƙara ƙarama mai 30 dB, sannan analaiza. Jerin nan yana da muhimmanci, mai ɗaukar zafin ita ce a gaba kusa da rediyo, in ka juya ƙaramar za ta soye, kuma wasu manyan ma suna da ɓangaren shiga da na fita, ka duba rubutun jikinsu. Jimla 70 dB kenan, 37 a cire 70 ya ba ka -33 dBm, daidai inda ake so. A wannan haɗin atenuwetar ita ce ke matsayin eriyar bogi. In kuwa wat 100 ne a HF, ko dai ka samu babbar atenuweta mai ɗaukar wat 100 ko ka sa eriyar bogi da 'yar na'urar ɗiban samfuri mai 40 dB a tsakani, ta ba ka 10 dBm, ka ƙara wata 40 dB ka sauka -30. Kafin ka yarda da kowace atenuweta ko na'urar ɗiba ka bi ta da NanoVNA daga firikwansinka har zuwa ninki na uku ko na biyar, don in tana rage 40 a 145 amma 46 a 435 to za ta ɓoye maka hamonik ka yi ta murnar banza.

Cika batirin rediyon tukuna, in kuma na tebur ne ka tabbata wutar na kan bolt 13.8 kuma ba ta faɗuwa in ka danna. Saita analaiza ya share daga wajen 100 zuwa 500 MHz ko fiye, ka fara da ƙaramin ƙarfi ka ga komai na tafiya daidai, sannan ka koma babba. Danna PTT na 'yan daƙiƙu kawai gwargwadon yadda sharar allo za ta kammala, ka saki, atenuweta na zafi da sauri. Za ka ga dogon tsini a 145, ka sa alamar awo a kansa, ya kamata ya nuna kusa da -33. In ya nuna abin da ya yi nisa da haka tsaya ka binciki wayoyinka kafin ka ci gaba. Sai ka duba 290 da 435 da duk wani tsini da ya ɗago kai a tsakani, har da ƙasa da 145.

Yanzu a ce na 290 ya nuna -75. Tazararsa da babba 42 dB kenan, sai mutum ya ce ai na wuce 40, shikenan. Ba shikenan ba. Mayar da 70 ɗin da ka rage, -75 a tara da 70 ya zama -5 dBm, wajen maikurowat 300 kenan a bakin eriya, ya ninka iyakar FCC ta maikurowat 25 fiye da sau goma, ya kuma wuce maikurowat 50 na ITU nesa ba kusa ba. Maikurowat 25 shi ne -16 dBm, saboda haka a wannan haɗin namu sai tsinin ya kasance -86 ko ƙasa kafin ka ce ka wuce ta Amurka, -83 kuma ta ITU. In ciyawar hayaniyar da ke ƙasan allo ta kai wajen nan har ba ka iya gani, rage RBW, wato faɗin tagar da analaiza ke leƙa sigina ta cikinta, sharar za ta yi jinkiri amma ƙasan zai sauka.

Ga kuma dabarar da nake roƙon kowa ya riƙe, don a nan ne ake yawan yi wa rediyo ƙazafi. Shi kansa analaiza in sigina ta yi masa yawa miksar cikinsa na ƙirƙiro hamonik na ƙarya, ka ga tsini a 290 alhali ba daga rediyon ya fito ba. Yadda za ka gane, ƙara atenuweta mai 10 dB a waje ka sake dannawa. In babban tsini ya sauka da 10 shi ma hamonik ya sauka da 10, to na gaske ne, rediyon ne. In kuwa babban ya sauka da 10 amma hamonik ya rufta da 20 ko ya ɓace gaba ɗaya, analaizan ne ke ƙirƙirarsa, sai ka ci gaba da ƙara ragi har tazarar ta daina canzawa, wannan tazarar ita ce gaskiya. Kuma awon da ake yi da eriya a jikin rediyo da wata 'yar eriya a jikin analaiza a ɗaki ɗaya, wannan ba awo ba ne, eriyoyin biyu kowacce na fifita wani firikwansi kan wani, lambar da za ka samu ba ta da ma'ana.

Kar ka tsaya a wuri ɗaya. Auna farkon zango da ƙarshensa, auna babban ƙarfi da ƙarami, auna kowane zango da rediyon ke yi. Sau da yawa rediyo na da tsabta a UHF amma ya faɗi a VHF, wani ma ya fi ƙazanta a ƙaramin ƙarfi. Ɗauki hoton allon ka rubuta kwanan wata da yawan ragin da ka sa, ran da wani ya kawo ƙorafi kana da abin nunawa.

In rediyon ya faɗi

Maganin hamonik filta ce mai barin na ƙasa ya wuce ta tare na sama, ko mai barin zango ɗaya tak. Kafin ka saka ta auna ta da NanoVNA, ta mita 2 mai kyau asararta a 145 bai kamata ta wuce rabin dB ba, a 290 kuma kana son ganin ragin 30 ko 40 dB. Wurin zamanta bayan amfilifaya da mitar SWR ne, kafin tuna mai daidaita eriya, don filta na son ganin om 50 a ɓangarorinta biyu, kuma diyod ɗin cikin wasu mitocin SWR kansu na iya haifar da ɗan hamonik. Abu ɗaya da ake mantawa, filtar nan ta HF da ke yankewa a 30 MHz ba ta taɓa hamonik ɗin 7 MHz da ke 14 da 21, duk suna ƙasa da inda take yanka, saboda haka na'urar da ka haɗa da hannu kowane zango sai da tasa filtar.

Kar kuma ka dogara da cewa eriya za ta tace maka. Eriyar dayifol ta mita 40 (7 MHz) tana aiki sumul a mita 15 (21 MHz), wato daidai hamonik na uku, eriyar oba-oba mai zango biyu an yi ta ne ta fitar da 145 da 435 duka, ita kuma doguwar wayar nan da ake ciyarwa daga ƙarshe tana karɓar kusan duk ninkin. Su ma dokokin a bakin fitar na'ura suke awo, ba bayan eriya ba. In kuma ƙazantar ba hamonik ba ce, tana dab da siginarka ko ƙasa da ita, filtar da ke tare na sama ba za ta yi komai ba, ko gyara ko a ajiye rediyon ya zama na sauraro. Amfilifaya kuwa ka tuna duk abin da ka ba shi zai ƙara, har da dattin, ya kuma ƙara nasa a kai, don haka rediyon da bai wuce awo ba kar ka haɗa shi da amfilifaya sam. Masu amfilifayan bawul kuma dan Allah a kula, akwai dubban bolt a ciki kuma kapasito na riƙe wuta bayan an kashe.

Fantsama, laifin da ke hannunmu

Siginar murya ta tsarin SSB mai kyau faɗinta bai wuce kilohaz 3 ba. Amma sai mutum ya murɗe gen ɗin makirfo, wato ƙarfin shigar murya, har ƙarshe, ya kunna kwamfuresa mai matse murya, yana ihu don allurar wat ta tsaya a sama, sai siginar ta baje ta cinye kilohaz da yawa hagu da dama. Kamar mai share ƙofar gidansa ne yana tura sharar ƙofar maƙwabci, shi wajensa fes. Kuma abin takaicin ba ya ƙara maka nisa, muryar ma dagulewa take. Ka sa ido kan mitar ALC mai nuna yadda rediyon ke danne ƙarfi da kansa, ka yi magana yadda ka saba, ka rage gen har allurar ta tsaya cikin yankin da littafin rediyon ya nuna. Allurar wat ta mita ta gama-gari ba ta iya bin kololuwar murya, ganin tana yawo a wat 30 ko 40 a rediyon wat 100 ba ya nufin ƙarfi ya ragu.

In kana son gani da ido yi gwajin sauti biyu, a saba ana amfani da 700 da 1900 Hz, ka shigar da su ta makirfo ko ta kwamfuta rediyo na kan atenuweta, ka matse allon zuwa kilohaz 10 ko 20. Za ka ga tsini biyu manya da ƙanana a gefensu kamar matakala, waɗannan ƙananan su ne fantsamar, ka ƙara gen ka ga yadda suke tashi da gudu fiye da manyan. Sai dai wannan awon na son RBW ƙarami sosai, tinySA na asali ba zai raba su ba, Ultra ko SDR, wato rediyon sauraro mai aiki da kwamfuta, ya fi. Hanya mai sauƙi kuma ita ce ka buɗe WebSDR ko KiwiSDR a intanet, irin na Jami'ar Twente da ke Holan, ka kira ka kalli faɗin siginarka a allonsu daga nesa.

Masu FT8, tsarin aika gajerun saƙonni ta kwamfuta da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, ku ma abin ya shafe ku, ku rage sautin kwamfuta har ALC ta daina motsi ko ta ɗan taɓa kawai, a kashe kwamfuresa, kuma a tuna siginar tana riƙe cikakken ƙarfi kusan daƙiƙa 13 a jere, rediyo na zafi. Masu CW, wato Mos kod, in rediyon na da saitin lokacin tashin sigina a sa shi wajen milisakan 5 ko 6, gajere sosai shi ke kawo ƙas-ƙas ɗin da ke damun na gefe. A FM kuma ka san ko wurin da kake ana tazarar kilohaz 25 ne ko 12.5, na farko dibiyeshan ɗinsa, wato yadda murya ke kaɗa siginar hagu da dama, kilohaz 5, na biyu 2.5, in ka bar rediyo a faɗi inda ake matsattse za ka shiga tashar maƙwabta.

Bakin zango shi ma ana faɗawa. Lambar da ke allon rediyo a SSB ba tsakiyar muryarka ba ce, SSB iri biyu ce, a USB muryar tana sama da lambar da kusan kilohaz 3, a LSB tana ƙasa. Zangon mita 20 ya ƙare a 14.350, in ka tsaya 14.349 a USB yawancin muryarka na waje, kar ka wuce 14.347. Iyakokin ma sun bambanta da yanki, mita 2 a yanki na 1 na ITU wato Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya 144 zuwa 146 ne, a nahiyar Amurka har 148, mita 40 kuma 7.2 ne ƙarshe a yanki na 1 amma 7.3 a can, kuma yawancin oba-oban nan za su bar ka ka danna ko'ina ba za su hana ka ba. Don tabbatar da cewa lambar allonka gaskiya take faɗa, bar rediyon ya yi ɗumi na minti 20 ko 30 ka kama tashar sanar da lokaci ta WWV da ke Kolorado a 10 ko 15 MHz, ko RWM ta Rasha a 9.996 ko 14.996, ka gwada a USB da LSB, in sautin ya bambanta to rediyon ya ɗan kauce, yawancin na zamani suna da wurin gyara wannan a menu.

Wani lokacin kuma ka auna komai tsaf amma maƙwabci ya zo ya ce kana shiga lasifikarsa ko talabijin. Ka saurare shi da mutunci, sau da yawa ba hamonik ba ne, babbar siginar ce ta yi wa na'urarsa yawa, ko kuma RF na bin bayan kowaks ɗinka yana dawowa cikin gida. Naɗa kowaks ɗin a zoben ferayit dab da inda ya haɗu da eriya, ferayit mai lamba 31 ya fi a ƙananan zangunan HF, 43 kuma daga saman HF zuwa VHF, ka matsar da eriya nesa da wayoyin gida, ka rage ƙarfi zuwa iya abin da hirar ke buƙata. In an sa ferayit a wayoyin lasifikar tasa kusa da inda suke shiga na'urar yawanci ƙarar na ɗaukewa, amma ka bar shi ya sa da hannunsa ko mai gyaransa ya sa, kai kar ka buɗe kayan mutane. Sannan duk lokacin da aka canza transiston ƙarshe, ko aka yi wa rediyon sabon famwaya, ko ka ƙara amfilifaya, ka mayar da shi kan atenuweta ka sake bin zangunan ɗaya bayan ɗaya, ka kwatanta da hotunan da ka ajiye na farko.